Jarin Ayuba



Mun saba jin labarin wahalar Ayuba, yadda ya rasa dukiya da 'ya'ya, marurai kuma suka rufe jikinsa. Amma yau mu duba sura 42, aya 11. 'Yan'uwansa maza da mata da abokansa na dā suka zo gidansa, suka ci abinci tare da shi, kowa ya ba shi kuɗi da zoben zinariya. Daga baya tumakinsa sun kai 14,000. Ubangiji ne ya sa albarka, amma jarin farko daga hannun mutane ya fito.

A ikkilisiyoyinmu akwai irin su Ayuba. Mutum ya sha maganin tarin fuka wata 6, ya warke, ya koma wurin aiki ya tarar an ɗauki wani. Gonar ma an jinginar da ita lokacin jinya. Ranar Lahadi mukan ce masa sannu da jiki, mu wuce. Waɗansu har suna tsoron cin tuwo tare da shi, alhali wanda ya gama magani ya warke ba ya sa wa kowa cutar.

Ɗan'uwa, kada ka ji kunyar somawa da ƙaramin aiki, gama ƙarfi a hankali yake dawowa. Ku kuma dattawa da Zumuntar Mata, wa zai ba shi aron keken ɗinki, ko iri, ko ya tsaya masa wurin mai ɗaukar aiki kafin damina ta faɗi?

Bari mu yi addu'a.