Bayan An Fito Daga Ɗakin Tiyata: Jinyar Ƙarin Jijiya a Ƙafa



Da farko muna neman afuwa domin a zaune za mu gabatar da wannan jawabi. Shekara 35 muka yi muna magana a tsaye a gaban allo, har mukan tsawata wa ƙananan malamai idan muka same su suna koyarwa daga kan kujera, yau ga shi ƙafa ta zaunar da mu. Kwamitin shirye-shirye ya nemi mu yi magana a kan ilimi kamar yadda muka saba, amma muka roƙi alfarmar a sauya mana, domin da yawanku kun aiko da gudunmawa lokacin da aka yi mana aiki, kuma haƙƙinku ne ku ji abin da kuɗinku ya yi, da kuma abin da ya kasa yi.

Abin ya faro ne da wani ɗan ƙululu a bayan gwiwar hagu, ta wajen gefe, wanda bai fi girman gurjiya ba. Ba ya zafi idan an ƙyale shi. Amma da zarar bakin kujera ko benci ya taɓa wurin, sai wani abu ya tsarga kamar wutar lantarki, daga gwiwa har bayan ƙafa. Kusan shekara uku muna tare da shi. A cikin waɗannan shekaru babu sunan da ba a raɗa masa ba: wani ya ce kaluluwa ce, wani ya ce sanyi ne, wata tsohuwa kuwa ta rantse cewa wani abu muka tsallaka a ƙofar makaranta. Har an yi magana da wanzami a kan ya zo ya tsaga ya yi ƙaho. Shi wanzamin, Allah ya saka masa, da ya latsa ya ga yadda muka zabura, sai ya mayar da askarsa cikin zabira, ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Daga baya likita ya shaida mana cewa da an tsaga wurin, da wataƙila an yanke jijiyar da ke ɗaga ƙafa, yankewar da ba lalle ta gyaru ba.

A nan dole mu ɗan tsaya a kan kalmar jijiya, domin Hausa ta haɗa abubuwa uku a cikinta. Akwai jijiyar jini, akwai agara mai ɗaure tsoka da ƙashi, sannan akwai jijiyar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Wannan ta uku ita muke nufi. Mafi girmanta a jikin ɗan'adam ita ce wadda ta fito daga ƙugu ta bi bayan cinya, kaurinta ya kusa na yatsa. Kafin ta kai gwiwa sai ta rabu biyu: reshe guda ya gangara ta bayan ƙwauri zuwa tafin ƙafa, ɗayan kuma ya zagayo ta gefen gwiwa, shi ne mai ɗaga ƙafa da yatsu sama idan mutum zai yi taku. Kowace jijiya kamar wayar lantarki take, siraran zarurruka a ciki, riga a waje. Ƙwayoyin da ke saƙa wa zarurrukan riga ana kiransu da sunan Theodor Schwann, wani masani Bajamushe da ya rayu daga 1810 zuwa 1882, kuma ƙarin da ke tsirowa daga cikinsu likitoci suna ce masa shuwanoma. Shi ne namu.

Galibin irin wannan ƙari ba daji ba ne. A hankali yake girma, ba ya bazuwa cikin jiki, kuma a gefe yake zama yana ture zarurrukan jijiya, shi ya sa ƙwararren likita kan iya tsaga rigar ya ɓare shi kamar yadda ake ɓare dafaffen ƙwai. Akwai ɗan'uwansa mai suna niyurofaiburoma wanda ya fi wuyar cirewa, saboda cuɗanya yake yi da zarurrukan. Wanda ke da irinsa da yawa a jiki, tare da tabo-tabo masu launin shayi da madara a fata, yana iya zama mai ɗauke da wata lalura ta gado da ke samun kamar mutum 1 cikin 3,000, kuma irin waɗannan mutane su ne suka fi bukatar likita ya riƙa duba su, domin a wajensu ne ƙarin ya fi yiwuwar rikiɗewa ya zama daji. Ƙululun da ya fara girma da sauri, ko yake hana barci da zogi, ko ƙafa ta fara rauni tare da shi, ba a jiran a gama girbi kafin a kai shi asibiti.

Ba za mu ɓata muku lokaci da labarin tiyatar ba, domin barci muke yi aka gama. An ɗauki hoto da na'urar MRI, wadda babu ita a asibitin garinmu, an yi aikin a birni, an aika abin da aka ciro ɗakin bincike, bayan kwanaki sakamako ya fito cewa ba daji ba ne. Duk wanda aka cire wa ƙari ya tabbata ya karɓi wannan takarda ya adana. Mun san waɗanda suka dawo gida ba su ko tambaya ba.

Abin da muka zo faɗa ya fara ne washegarin aiki. Da aka ce mu motsa ƙafa, sai muka ga tana sauka ƙasa amma ba ta ɗaguwa sama. Bayan ƙafar kuwa ya sage, kamar an lulluɓe shi da fatar wani. Ba za mu ɓoye muku ba, mun yi zaton an lalata mana ƙafa, har muka faɗa wa likita magana marar daɗi wadda daga baya muka nemi gafara a kanta. Ya zauna ya yi mana bayani irin wanda da ɗalibinmu ne da mun ba shi maki cikakke. Ya ce jijiya ba ta son taɓi. Wadda aka ja ko aka matsa kawai, takan yi kamar ta suma, ta farfaɗo cikin makonni zuwa wata uku. Zaren da ya mutu kuwa sai ya sake tsirowa daga wurin raunin, kuma tafiyarsa kamar milimita 1 ce a rana, wato wajen inci 1 a wata.

To, da yawanku mu muka koya muku sau da rabawa, sai ku yi lissafin tare da mu. Idan daga gwiwa zuwa bayan ƙafa akwai santimita 40, milimita 400 ke nan, kwana 400 ke nan, shekara guda da 'yan kai. Tsokokin da ke ɗaga ƙafa suna can sama kusa da gwiwa, don haka su saƙo ya fi saurin isa gare su; ji a fatar yatsu shi ne na ƙarshe. Rauni a fata kuwa cikin mako biyu aka cire zare ya kame. Ga inda matsalar take. Masu zuwa dubiya tabo suke kallo, su ga ya warke, su ce Malam ai ka samu sauƙi, tashi ka taka. Wanda ya aiko da kuɗi daga Legas ya ji an sallame mu, ya ɗauka magana ta ƙare, alhali ko kashi ɗaya cikin ashirin na tafiyar ba a yi ba.

Akwai wata dabara da ta riƙe mana zuciya a watannin nan. Idan aka ƙwanƙwasa kan jijiya mai tsirowa da ɗan yatsa, daidai inda sabon zaren ya kai sai a ji minjirya. Wani likitan Faransa mai suna Jules Tinel ne ya bayyana wannan alama a 1915, lokacin da yake jinyar sojojin da suka ji rauni a yaƙin duniya na ɗaya. Mu kuwa da muka ji haka, sai muka ɗauko tsohuwar rular makaranta da biro. Ranar ɗaya ga kowane wata jikanmu yakan ƙwanƙwasa, mu yi alama a ƙwauri, mu auna daga tabo, mu rubuta a bayan rajista. Wani watan a ga ci gaba sosai, wani watan kamar ba ta motsa ba. A wata na huɗu babban yatsa ya yi ɗan motsi wanda in ba ka zuba ido ba ba za ka gani ba. Mun sha karɓar sakamakon jarrabawa mai daɗi a rayuwarmu, amma ba mu tuna ranar da muka yi murna irin ta wannan safiya ba.

Sai dai jira kaɗai ba ya isa. Tsokar da ta daɗe ba ta samun saƙo ramewa take yi, kuma idan abin ya wuce shekara guda zuwa shekara da rabi, ko saƙon ya iso ba lalle ta amsa ba. Idon sawu kuma idan aka bar shi a sake yana kallon ƙasa, agarar dunduniya takan ɗaure, ƙafar ta ƙage a haka. Wannan shi ne aikin ma'aikatan sashen gashi na asibiti, waɗanda mutanenmu suka ɗauka masu tausa ne kawai. Su suka koya mana miƙar da idon sawu da tawul sau da yawa a yini, su suka auna mana wani takalmin roba mai tallabe ƙafa daga ƙwauri zuwa tafi, domin kada yatsu su riƙa jan ƙasa. Mun ƙi sa shi mako biyu saboda kunya, har sai da muka yi tuntuɓe da bakin tabarma muka faɗi a gaban baƙi. Silifas kuwa an raba mu da shi, domin ƙafar da ba ta ɗaguwa ba ta iya riƙe shi.

Sagewar fata ma tana da nata haɗarin. Da sanyin hunturu ya shigo, mai ɗakinmu ta kawo ruwan zafi da tsumma za ta gasa mana ƙafa kamar yadda aka saba yi wa targaɗe. Ba mu ji komai ba, sai da safe muka ga bororo. Ƙafar da ba ta ji ba a gasa ta, ba a kusantar da ita ga kaskon wuta, ba a tafiya da ita babu takalmi, ruwan alwala kuma da hannu ake fara gwada shi. Kowane dare a duba ta da fitila ko ƙaya ta shiga. Mai ciwon suga ya ninka wannan kulawa, mai shan taba kuma ya sani tana jinkirta warkewar rauni. A makonnin farko, idan sha-raɓa ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya sarƙe ba zato, asibiti ake nufa a wannan sa'a, domin yana iya zama gudan jini ne.

Zogin jijiya kuwa wani abu ne daban. Ƙuna ne da suka, ya fi tsanani da dare, har mayafi ma ba ka son ya taɓa wurin, kuma farasitamol ba ya yi masa wani abin kirki. Magungunan da ake ba da wa dominsa asalinsu na farfaɗiya ne ko na ciwon damuwa. Ɗanmu da ya karanta takardar cikin kwalin ransa ya ɓaci, ya ce mahaifinsa ba ya farfaɗiya, saura kaɗan ya zubar da su. Ba sa aiki nan take, sai an yi kwanaki ana sha, kuma ba a yanke su rana ɗaya sai da shawarar likita. Abin da muke jin tsoro shi ne mai jinya ya gaji ya aika yaro kyamis a sayo masa tiramadol. Duk mun ga abin da wannan ƙwaya ta yi wa samarin garin nan.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da babu mai tambaya. Bayan gidanmu na tsuguno ne, mai ɗinki a bayan gwiwa kuwa ba ya tsuguno. Kafinta muka kira ya huda kujera. Salla a kan kujera muka yi ta wata da watanni. Zuwa ganin likita kuma, tafiyar da mai lafiya ke yi a kujera ɗaya, mu sai mun biya kuɗin mutum biyu domin a miƙe ƙafa, sannan ga na ɗan rakiya.

Wannan ya kawo mu ga roƙonmu. Jama'ar wannan ƙungiya ba su da rowa; ranar da aka ce za a yi wa wani tiyata, kafin magariba an haɗa kuɗi. Amma kuɗin yakan ƙare a ƙofar ɗakin tiyata. Mu muna da fansho, ko da ba ya zuwa a kan kari, muna da 'ya'ya a birni, kuma mun iya karanta takardar likita, duk da haka sau uku muka fasa zuwa gashi saboda kuɗin mota. A layin da muke jira mun saba da wani manomi daga wani ƙauye na gundumar nan wanda lalurarsa irin tamu ce. Bayan wata biyu muka daina ganinsa. Da muka bincika aka ce damina ta faɗi, kuma abin da ya rage masa ya sayi taki. Mun gan shi a kasuwa kwanan baya yana jan ƙafa.

Muna roƙon majalisar zartarwa ta duba abu uku kafin taron baɗi. Duk gudunmawar da za a tara domin tiyata, a ware wani kaso a ajiye a hannun ma'aji, kada a taɓa shi sai bayan sallama, domin kuɗin mota da magani da takalmin roba. Sannan cikin 'ya'yanmu akwai waɗanda suka karanta aikin gashi, wasu suna aiki a manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika. Idan ƙungiya ta ɗauki nauyin man mota, ba zai gagara ba ɗayansu ya riƙa zuwa asibitin garinmu Asabar ɗaya a wata, masu shanyewar ɓarin jiki da masu karaya ma su amfana. Na uku ya shafi ku mazauna birni kai tsaye: reshen Kano da na Kaduna su fitar da sunayen gidajen da za su iya saukar da mai jinya kwana ɗaya ko biyu idan ya zo ganin likita, a ba sakatare, shi kuma ya liƙa a ofishin ƙungiya. Mun riga mun yi magana da ɗanmu da ke Kano, a rubuta gidansa a farko.

Game da ƙafar kuwa, yau wata 14 ke nan. Tana ɗaguwa, ko da ba ta kai 'yar'uwarta ba, mun ajiye takalmin roba sai in tafiya mai nisa ce, kuma saura kamar faɗin yatsu uku a bayan ƙafa da har yanzu ba mu ji. Rular da rajistar suna nan cikin jaka ga mai son gani bayan an tashi.