Idon Kyamara da Ƙwallon Kwandon 'Yan Mata: Daga Jami'o'in Amurka zuwa Makarantun Daura

Ƙwallon kwando na mata a manyan makarantu wasa ne da arzikinsa ke bin sawun kafofin yaɗa labarai. Ƙungiyar da ake nunawa a talabijin ita 'yan kasuwa ke ba talla, ita iyaye ke sani, ita kuma yarinya mai hazaƙa ke zaɓa idan ta gama sakandare. Bayan 'yan shekaru sai ta tara gwanaye ta ci kofi, tashar kuma ta kafa hujja da kofin ta ce ai dama gwanaye take nunawa. Wannan zagaye ya fi fitowa fili a Amurka, inda aka ajiye alƙalumansa, don haka daga can ya kamata a ɗauko bayani kafin a kawo shi gida.

A 1972 Amurka ta kafa dokar Title IX, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, har da harkar wasanni. Dokar ta samar wa ɗalibai mata filaye da masu horarwa da tallafin karatu, amma ba ta da iko a kan jadawalin gidajen talabijin. Daga 1996 tashar ESPN ce ke riƙe da haƙƙin nuna gasar mata ta hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, kuma a yarjejeniyar da ta ƙare a 2024 ta same shi a dunƙule tare da wasu gasanni sama da ashirin a kan kimanin dala miliyan 34 a shekara, alhali kuɗin nuna gasar maza ya doshi dala biliyan ɗaya. Hujjar da aka daɗe ana bayarwa ita ce mutane ba sa son kallon wasan mata.

A watan Maris na 2021 'yar wasan Jami'ar Oregon, Sedona Prince, ta ɗora bidiyo a intanet daga San Antonio, tana nuna 'yan ƙarafan motsa jiki da aka ajiye wa mata, da kuma katafaren zauren da aka shirya wa maza. Surutun da ya biyo baya ya tilasta NCAA ɗaukar lauyoyi su yi bincike. Rahotonsu ya ƙiyasta cewa gasar mata ita kaɗai za ta iya kawo dala miliyan 81 zuwa 112 a shekara. Ashe hajar tana da daraja, mai ita ne ya karya farashinta. Abin da ya faru bayan haka ya fi kowace muhawara gamsarwa. Wasan ƙarshe na 2022 ya samu 'yan kallo ƙasa da miliyan 5 a ESPN, tashar da sai an biya ake kamawa. A 2023 aka ɗora shi a ABC, wadda kowane gida ke kamawa, adadin ya kai miliyan 9.9. A 2024, da South Carolina ta doke Iowa da maki 87 da 75, mutum miliyan 18.9 suka kalla, adadin da ya zarce na wasan maza, miliyan 14.8. Gaskiya ne tauraruwar Iowa, Caitlin Clark, ta ja mutane da yawa, sai dai da an bar ta a tashar da ba kowa ke kamawa ba, da 'yan kaɗan za su san ta.

Son kan kafofin bai tsaya a tsakanin maza da mata ba. Har a cikin matan akwai 'yan mowa da 'yan bora. Hedikwatar ESPN tana garin Bristol na jihar Connecticut, jihar da Jami'ar UConn take, ƙungiyar da ta ci kofi 12 a hannun Geno Auriemma daga 1995 zuwa 2025. Magoya bayan sauran jami'o'i sun daɗe suna ƙorafin cewa maƙwabtakar ta yi wa UConn rana. Ba a raina ƙwarewar Auriemma, amma yarinyar da ta tashi tana ganin riga ɗaya a allo kowane mako, ita za ta fara yi wa kwaɗayi. Launin fata ma ya shigo ciki. A 2022 Dawn Staley, mai horar da South Carolina, ta fito fili ta soki ESPN saboda rashin gayyatar 'yar wasanta Aliyah Boston, gwarzuwar shekarar, bikin ba da kyaututtukan tashar. A wasan ƙarshe na 2023 Angel Reese ta LSU, baƙar fata, ta kaɗa hannu a gaban fuskarta don tsokanar Clark, aka yi mata ca da zagi, alhali Clark, farar fata, ta yi irin wannan alama a wani wasa kwanaki kaɗan kafin nan aka kira ta jarumta. Inda wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani in ya yi duka zai sha.

Najeriya ta ci moriyar wannan tsari na Amurka ba tare da ta gina irinsa ba. Ƙungiyar matan ƙasar, D'Tigress, ta ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025, na baya-bayan nan a Abidjan bayan doke Mali. A gasar Olamfik ta Faris a 2024 ta doke Ostareliya da Kanada, ta zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen 'yan takwas. Amma mai horarwar, Rena Wakama, a Jami'ar Western Carolina ta yi wasa. Amy Okonkwo a TCU. Ezinne Kalu a Savannah State. Irin su Murjanatu Musa da suka taso ta gasar cikin gida, ta kulob ɗin Air Warriors na Abuja, su ne ƙalilan. Kafofin Najeriya, har da na Hausa, sukan waiwayi ƙungiyar ranar ɗaukar kofi da ranar da shugaban ƙasa ke rabon kyauta. Lokacin da gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga gasannin duniya a watan Mayu na 2022, matakin da ya sa Mali ta maye gurbin D'Tigress a gasar cin kofin duniya ta Sidni, labarin bai daɗe a bakin mutanen Arewa ba, domin ba a taɓa sabar musu da sunayen 'yan wasan ba balle su ji zafin abin.

A ƙasar Daura matsalar ta ɗauki wata siffa. Nan ba a kai ga fifita wata makaranta a kan wata ba, shiru ne ya rufe wasan baki ɗaya. Garin yana da Kwalejin Yusuf Bala Usman, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, ban da makarantun sakandare na 'yan mata da ke karɓar ɗalibai daga Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua. Kowane rukuni yana da gasar da zai iya shiga: NUGA ta jami'o'i da ta faro a 1966, NIPOGA ta kwalejojin fasaha, da gasar Milo ta makarantun sakandare mai ɓangaren 'yan mata. Ba kasafai sakamakon waɗannan gasanni ke shiga shirin wasanni na rediyo ba. Shirin yakan tafi ne a kan Firimiyar Ingila da La Liga, sai Katsina United da Kano Pillars, sai dambe. Gidan kallo, wanda shi ne babbar tashar wasanni ta talaka, wurin maza ne, kuma mai shi abin da zai cika benci yake kamawa. Ba sai an yi zargin mugun nufi ba. Ɗan jaridar da ba shi da kuɗin mota zai karanta abin da ya samu kyauta a wayarsa, kuma abin da ke wayar labarin Turai ne.

Arewa ba baƙuwar wannan wasa ba ce. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Ba'amurke Oliver Johnson ya shafe shekaru yana horar da matasa, cikinsu har da Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors zuwa kofin NBA a 2019. Labarin da ake ji daga wannan fili kusan duk na maza ne. Babban abin da ke sa iyaye a gari irin Daura su ja baya shi ne sutura da cuɗanya, kuma damuwa ce da ba a yi mata wasa. Hoton da allo ke kawowa na gajeren wando da singileti shi kaɗai mahaifi ya sani. A 2014 'yan wasan Ƙatar sun fice daga gasar Asiya a Incheon saboda an hana su sa ɗankwali, Bilqis Abdul-Qaadir kuma, wadda ta yi wasa da lulluɓi a Jami'ar Memphis, ta rasa damar zama ƙwararriya saboda wannan doka. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta soke haramcin a 2017. Yau ɗaliba na iya shiga gasar duniya kanta a rufe, da riga mai dogon hannu da dogon wando a ƙarƙashin kayan wasa, a makarantar 'yan mata kuma tana iya yin atisaye a cikin katanga da malama mace. Wannan sauyi, wanda ya fi kowane shafar 'yar Musulmi, bai samu ko kusa da lokacin da ake ba cinikin ɗan wasa guda a Turai ba.

Yadda gidajen rediyon jihar Katsina ke tafiya shi ke bayyana sauran. Yawancin fili saye ake yi, wanda ya ɗauki nauyin shiri shi ke da bakin magana a kan abin da za a sa. Shugaban makaranta kuma, in ya zo rabon ɗan abin da aka ware wa wasanni, yakan duba wasan da zai sa a ambaci sunan makarantarsa, sai kuɗin ya tafi ga ƙwallon ƙafa na maza. Filin kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, 'yan wasa biyar-biyar, ga siminti da ƙarfe biyu, wato yana cikin wasannin da suka fi araha ga makarantar kwana. Minti biyar na sakamakon gasar makarantu a mako, da sunayen ɗalibai da makin da kowace ta ci, ya isa ya ba shugabar makaranta abin da za ta nuna wa hukumar ilimi lokacin neman kasafi, ya kuma ba mai horarwa a Katsina ko Zariya sunan da zai nema lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai.