Hayaƙin Birni Ma Ana Ƙirga Shi

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Kantin Kwari da rana tsaka, wuta ta ɗauke, ya san abin da zan faɗa. Kowane layi janareta na kuka, hayaƙi na yaji a ido, mai shago sai ya ɗaga murya kafin ka ji kuɗin yadi. Wannan hayaƙi, da na adaidaita sahu, da iskar da ke tashi daga juji idan shara ta ruɓe, suna cikin abubuwan da ke ƙara wa duniya zafi.

To, ana iya ƙirga su, kuma ba da wata na'ura a sama ba. Lissafi ne irin na ɗan kasuwa: lita nawa ta fetur da dizal aka ƙona, lantarki nawa aka sha, shara tan nawa aka zubar.

Legas ta yi wannan lissafi na shekarar 2015 tare da ƙungiyar manyan birane ta C40, ta samu kimanin tan miliyan 26 na hayaƙi. Fiye da rabi daga makamashin gidaje da shaguna da masana'antu ne. Abin mamaki, shara ta fi motoci, duk da cunkoson nan na Legas da kowa ke kuka da shi.

A 2021 Najeriya ta yi alƙawari a Glasgow cewa nan da 2060 za ta kai ga daidaita hayaƙinta, wato abin da take fitarwa ba zai wuce abin da ake tsotsewa daga iska ba. A Abuja ake sa hannu, amma jujin yana bayan gidanmu, kuma gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma ke da motar kwashe shi.