MAGANIN YAU DA KULLUM DA JUNA BIYU: JAWABI GA MATAN AURE DA MAZAJENSU

Wannan jawabi ya shafi matan da wata cuta mai daɗewa ta sa likita ya ɗora su bisa magani na yau da kullum, kamar masu farfaɗiya, da masu hawan jini, da masu ciwon zuciya, da masu amosanin jini, watau sikila. Ya kuma shafi mazajensu, da ma'aikatan asibiti da na kantunan magani waɗanda ke miƙa musu maganin. Akwai magungunan da ke tsare lafiyar uwa, amma suna iya yi wa ɗan da ke cikinta lahani, kuma galibi lahanin yakan auku tun kafin ita kanta ta san ta samu ciki.

Duniya ba ta farga da wannan al'amari sosai ba sai da aka yi babbar hasara. A shekarar 1957 aka fara sayar da wani maganin barci a Jamus ta Yamma da sunan Contergan, wanda likitoci ke kira talidomaid. Ana sayensa a kanti ba da takardar likita ba, mata masu ciki kuwa suka riƙa shansa domin tashin zuciyar laulayi. Ya bazu zuwa ƙasashe fiye da 40, har da Ingila, inda aka sa masa suna Distaval. Kafin a janye shi a ƙarshen 1961 an haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasa, da yawansu hannuwansu da ƙafafunsu dungulmi ne manne da jiki. Amurka ta tsira daga mafi yawan wannan masifa saboda wata likitar hukumar kula da magunguna, Frances Kelsey, wadda ta ƙi sa hannu a sayar da shi sai an kawo mata shaidar da ta gamsar da ita. Binciken da ya biyo baya ya nuna ɓarnar takan faru ne tsakanin kwana 20 da kwana 36 bayan shigar ciki, kuma ƙwaya ɗaya tak tana iya jawo ta. Har yanzu ana amfani da maganin ga wasu masu kuturta da masu wata irin sankarar ɓargo, amma da sharaɗi mai tsanani: sai an gwada an tabbatar mace ba ta da ciki, kuma ta ɗauki tabbatacciyar hanyar hana ɗaukarsa.

A lura da waɗannan kwanaki da aka ambata, domin a nan ne dukkan maganar take. Zuciyar ɗan tayi, da ƙwaƙwalwarsa, da gaɓoɓinsa, duk ana ƙera su ne daga mako na 3 zuwa mako na 8 bayan shigar ciki. Hanyar lakar ƙashin baya kuwa takan rufe wajen kwana 28. A wannan lokaci mace ba ta wuce cewa al'adarta ta ɗan yi jinkiri ba. Matan ƙasar nan da yawa ba su zuwa awon ciki sai ciki ya fito, wata huɗu ko biyar, wasu saboda kunya, wasu saboda gudun baki. Ran da ungozomar asibiti za ta tambayi irin maganin da ake sha, aikin gama ya riga ya gama. Saboda haka lokacin yin wannan shawara shi ne ranar da aka fara rubuta wa mace maganin, tun babu ciki.

Farfaɗiya ce ta fi bukatar dogon bayani. Daga cikin magungunanta akwai wanda aka fi sani da sunan Epilim, mai ƙarfi ne ƙwarai wajen hana faɗuwa, amma shi ne mafi haɗari ga ciki. A cikin kowace haihuwa 100 ta matan da ba su shan kome, jarirai 2 ko 3 akan haifa da wata babbar naƙasa. Ga matan da suka sha wannan magani da ciki, adadin yakan kai kamar 10 cikin 100, kamar buɗaɗɗen ƙashin baya, da tsagaggen leɓe, da ciwon zuciya. Bayan wannan, yara 30 zuwa 40 cikin 100 sukan yi jinkirin tafiya da magana, ko su sha wuyar karatu. Wannan ne ya sa a 2018 hukumomin magunguna na ƙasashen Turai suka hana a ba mace mai shekarun haihuwa wannan magani, sai fa idan babu wani da zai yi mata aiki, kuma tana kan tsarin hana ɗaukar ciki.

Sauran tsofaffin magungunan farfaɗiya, watau Tegretol da Epanutin da fenobabiton, haɗarinsu ga jariri bai kai na Epilim ba, ko da yake ya ɗara na wadda ba ta shan kome. Amma suna da wani tarko na dabam wanda mutane da yawa ba su sani ba. Suna sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin da ke cikin ƙwayar tazarar haihuwa da kuma ashanar da ake sa wa a damtse. Sai mace ta riƙa shan ƙwayarta kullum ba fashi, hankalinta kwance, ga shi kuwa ƙwayar ta rasa ƙarfinta, ciki ya shiga alhali tana kan maganin da ake gudun ya haɗu da cikin. Haka kuma rifamfisin yake yi, maganin tarin fukan nan mai mayar da fitsari ja, kuma wannan tasiri nasa yakan ci gaba har kwana 28 bayan an daina shansa. Ga irin waɗannan mata, abin da ya dace shi ne robar mahaifa ko allurar wata 3, domin waɗannan magunguna ba su rage musu ƙarfi.

Ko ba tare da wannan tarko ba, hanyoyin tazara ba ɗaya suke ba. Cikin mata 100 masu amfani da ashana ko robar mahaifa, ƙasa da 1 ke samun ciki a shekara. Masu shan ƙwaya, saboda mantuwa irin ta ɗan Adam, sukan kai wajen 7, masu dogara ga kwaroron roba kaɗai kuwa sun fi haka. Ga matar da ke son hutawa kurum, wannan bambanci ba zai dame ta ƙwarai ba. Ga wadda ke shan Epilim kuwa babban abu ne, shi ya sa likitoci suka fi son ta zaɓi hanyar da ba ta dogara ga tunawa ba. Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana aiki har shekara 10, ashana shekara 3 zuwa 5, kuma duk ran da aka cire su haihuwa takan dawo. Allura ce kaɗai kan ɗan jinkirta dawowarta na wasu watanni.

Masu hawan jini su duba kwalin maganinsu. Idan sunan ya ƙare da haruffan pril ko sartan, to, irin wanda ke lalata ƙodar jariri ne, musamman daga wata na 4 zuwa gaba. Sauƙin abin shi ne akwai madadinsa, kamar Aldomet da nifedifin, waɗanda aka daɗe ana bai wa masu ciki. Su kuma sani ƙwayar tazara mai sinadari biyu ba ta dace da mai hawan jini ba, domin tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Matan da aka yi wa aikin zuciya aka ɗora su bisa wafarin, maganin tsinka jini, haɗarinsu ya fi yawa daga mako na 6 zuwa na 12, kuma likita yakan duba ko za a musanya shi da allura a wannan tsakani. Masu sikila da ke shan haidiroksiyuriya, da masu ciwon gaɓoɓi da ke shan metotireksat, ana so su daina watanni kafin neman ciki, bisa umurnin likita. Akwai kuma maganin ƙurajen fuska mai suna Roaccutane, wanda 'yan mata ke nema domin gyaran fata, haɗarinsa kuwa yana cikin mafi tsanani. Ko kafson nan mai ja da rawaya da ake saye a kemis kamar gyaɗa yakan ɓata launin haƙoran yaro idan uwa ta sha shi bayan ciki ya yi nisa.

Wata mace za ta ji wannan jawabi ta tsorata, ta zubar da maganinta tun yau. Wannan kuskure ne babba, kuma lalle a guje shi. Mai farfaɗiyar da ta yanke magani farat ɗaya tana iya faɗuwa a bakin murhu ko rijiya, ko ta shiga jijjigar da ba ta tsayawa, a rasa ta a rasa abin da ke cikinta. Mai ƙarfe a zuciya idan ta bar wafarin, jini yana iya daskarewa ya toshe wurin. Ko da ciki ya shiga ba shiri, ta ci gaba da shan maganinta, ta je asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu da kwalinsa a hannu. Ta kuma tuna cewa har ga masu shan Epilim, yawancin jarirai ba a haife su da babbar naƙasar jiki ba.

Ba ana cewa mai irin wannan cuta ta haƙura da haihuwa ba ne. Ana so ta haihu da shiri. Idan ita da maigidanta suka yi niyya, sai su sanar da likita tun da sauran watanni, domin sauya maganin farfaɗiya aiki ne na sannu a hankali, ana rage wannan ana ƙara wancan. A lokacin ne kuma ake fara ba ta folik asid, wanda ke taimakon rufewar ƙashin bayan jariri, sau da yawa miligiram 5 a rana, tun wata 3 kafin a cire roba ko a daina allura.

Maigida yana da babban rabo a nan. Mace da yawa ta san abin da likita ya ce, amma tana jin nauyin ɗaga maganar tazara a gida, balle amarya wadda dangin miji suka zuba wa ido. Wasu iyaye kuma sukan ɓoye farfaɗiyar 'yarsu wajen aure, sai yarinya ta riƙa shan magani a ɓoye, ba wanda za ta yi shawara da shi. Ya kamata miji ya raka matarsa asibiti ko da sau ɗaya ne, ya ji da kunnensa, sa'an nan shi ne zai tare mata surutun dangi. Wanda ke da shakka ta fuskar addini ya tambayi malamin da ya amince da shi, ya kuma gaya masa dalilin lafiyar dalla-dalla.

Ma'aikatan lafiya kuma, layin marasa lafiya yana da tsawo, an sani, amma tambaya uku ba su cin minti biyu: yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, tana neman haihuwa yanzu ko kuwa, kuma wace hanyar tazara take bi. A yi su cikin sirri, da harshen da take ji, a kuma maimaita duk ran da ta dawo karɓar magani, domin yarinyar da aka ɗora bisa Epilim tana shekara 12 wata rana za ta zo da lalle a hannu. Ita kuma mace, duk ran da za ta ɗakin tazarar haihuwa, ta tattara dukkan kwalayen magungunanta, har da na gargajiya da wanda ta saya a kemis, ta nuna wa ma'aikaciyar kafin a zaɓa mata hanya.