Kalma Ɗaya, Rubutu Barkatai: Yadda Kwamfuta Ke Haɗa Kan Kalmomin Sikotanci

 

Kwamitin ilimi ya ɗora mini nauyin yin magana a kan rubutu da kwamfuta. Na zaɓi in kai ku nesa, can arewacin Birtaniya, ƙasar Sikotilan, inda ake da wani harshe wanda rikicin rubutunsa ya sa masana suka nemi agajin lissafi.

Sikotanci ɗan'uwan Ingilishi ne na jini, tushensu ɗaya, kuma daban yake da harshen Galik na mutanen tsaunuka da tsibirai. A ƙidayar 2011, kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi suka ce suna magana da shi. A da shi ne harshen fada da na shari'a. A shekarar 1603 Sarki Jemis na Shida ya gaji sarautar Ingila ya koma Landan da zama, a 1707 kuma aka haɗe majalisun ƙasashen biyu. Ingilishi ya mamaye coci da makaranta da ofis, Sikotanci ya koma gida da kasuwa da bakin mawaƙa. Saboda haka har yau ba shi da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu da kowa ya yarda da ita. Kalmar da ke nufin "mai kyau", wani ya rubuta guid, wani gude, mutumin yankin Abadin kuwa gweed. Makaranta ana samun ta a schuil, da schule, da skweel. Kalmar tambaya "me", tsofaffin takardu sun rubuta ta quhat, a Gilasgo whit ce, a Abadin fit.

Harshen yana da manyan ƙamusoshi biyu. Ɗaya na tsohon harshe ne zuwa shekarar 1700, mujalladi 12, an fara buga shi a 1931 aka kammala a 2002. Ɗayan na harshen daga 1700 zuwa wannan zamani, mujalladi 10, an kammala a 1976. A 2004 aka ɗora su duka a intanet. To, ga ɗalibi ya ji kalma a bakin kakarsa, ya rubuta ta yadda kunnensa ya ba shi, ya nema. Idan rubutunsa bai dace da ko ɗaya cikin waɗanda editoci suka tattara ba, kwamfuta za ta ce babu, yaron kuwa ya tashi da zaton maganar gidansu ba magana ba ce.

Dabara ta farko ita ce a bi sauti. Mafi tsufa a wannan fanni ita ce Soundex, wadda Robert Russell ya yi wa rajista a Amurka a 1918, aka kuma yi amfani da ita wajen jera sunaye a takardun ƙidaya. Ana riƙe harafin farko, a zubar da wasula da h da w da y, sauran baƙaƙe a ba su lamba bisa kusancin furucinsu: b, f, p, v lamba 1, d da t lamba 3, l lamba 4, m da n lamba 5, da sauransu. In lambobin ba su kai uku ba a cike da sifili. Ku gwada da alli a allo: guid, gude da gweed duk G300 suke bayarwa. Schuil, schule da skweel duk S400. Nan kam dabara ta yi aiki. Amma gait, wato akuya, ita ma G300 ce. Sannan da yake ba a taɓa harafin farko, quhat ta zama Q300, whit W300, fit F300: kalma ɗaya an raba ta gida uku. A 1990 Lawrence Philips ya fito da Metaphone, wadda ta fi sanin furucin Ingilishi, sai dai wannan sanin ne ke cutar da ita a nan. A kalmar nicht, wato dare, "ch" daga maƙogwaro take fita, kamar harafin farko na "khairi" a Larabci, ita kuwa Metaphone tana ɗaukar ta tamkar "c" ɗinmu ta "ciki".

Dabara ta biyu ba ruwanta da sauti, haruffa take ƙirgawa. Wani masanin lissafi na Tarayyar Sobiyet, Vladimir Levenshtein, ya shimfiɗa ta a 1965: gyara nawa ake bukata, na ƙara harafi, ko cire shi, ko musanya shi, kafin wannan kalma ta koma waccan? Daga guid zuwa gude gyara biyu ne, zuwa gweed uku. Daga quhat zuwa what biyu, ta kama abin da ya kuɓuce wa Soundex. Amma tsakanin bairn, wato yaro, da cairn, wato tarin duwatsu, gyara ɗaya ne tak. Haka hoose da moose, gida da ɓera. A ma'aunin nan ɓera ya fi kusa da gida a kan yadda gweed ta kusanci guid, alhali waɗannan biyun kalma ɗaya ce.

Abin da ya fi dacewa, a ganina, shi ne a fara da ilimin harshen kafin lissafi. Wanda ya san Sikotanci zai rubuta wa kwamfuta dokoki: quh ta tsofaffin takardu daidai take da wh, wh ta kudu takan zama f a arewa maso gabas, z a sunaye irin su Menzies da Dalziel ba z ba ce, wani tsohon harafi ne da masu ɗab'i suka rasa a akwatinsu suka maye gurbinsa da abin da ya yi kama da shi. Bayan nan a yi amfani da sauti a tattaro 'yan takara, a yi amfani da ƙirgen haruffa a jera su, na kusa a sama. Hukuncin ƙarshe na mutum ne, domin shi ke ganin jimla da ma'ana. Kuma manufar haɗawar a gano kalma ce. Idan aka mayar da kowace fit ta zama whit a cikin rubutun kansa, an share shaidar cewa marubucin ɗan Abadin ne, kuma wannan hasara ce ga mai nazarin karin harshe.

Mu Hausawa mun fi su sa'a, tun da haruffanmu masu ƙugiya sun zauna tun shekarun 1930, muna kuma da ƙa'idojin rubutu da muke koyarwa. Duk da haka kada mu ari Soundex ido rufe. Gida, gado, gada, gudu da guda duk G300 ne, domin ta zubar da wasulan da su ne ke rarrabe mana ma'ana. Wayoyi da yawa kuma suna sa yaranmu rubuta baki a wurin baƙi, kasa a wurin ƙasa.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne rajistar ɗalibai. Muhammad, Mohammed da Muhammadu duk M530 ne, wannan ya yi daidai. Mahmud ma M530 ne, shi kuwa wani yaron ne daban. Usman da Osman suna ɗaya ne, amma harafin farko ya raba su, kamar yadda tu ɗin ƙarshe ya raba Aisha da Aishatu. Kowannenmu ya san wahalar da iyaye ke sha idan sunan da ke takardar haihuwa ya saɓa wa wanda ke takardar kammala firamare: rantsuwa a kotu, kuɗin mota, wani lokaci har yaro ya rasa gurbi. Don haka ina roƙon reshe ya nemi kowace makaranta ta kwafi sunan yaro harafi da harafi daga takardar haihuwarsa tun ranar da aka ɗauke shi aji ɗaya, kuma duk ranar da aka kawo mana manhajar da ke cewa sunaye biyu na mutum ɗaya ne, kada a haɗe su sai malamin ajin ya duba ya sa hannu.