Tafiyar Kwana 11 Da Ta Zama Shekara 40

 Karatunmu na yau daga Maimaitawar Shari'a ne, sura 1, da kuma Matiyu 5:23-24.

Mu da ke Barkiya, idan jirgin sama ya gilma muna gona, mukan ɗaga kai mu ce, ko ina ya nufa? Daga Kano zuwa Alkahira, babban birnin Masar, kimanin kilomita 3,100 ne a miƙe. Jirgin fasinja na yau yakan cinye wannan nisa cikin awa 4 zuwa 5. A shekarar 1925, da jiragen sama suka fara sauka Kano, daga Masar ɗin suka taso, suna yada zango a hanya, sai da suka yi kwanaki kafin su iso. Fataken dā kuwa, masu raƙuma, watanni suke yi cikin hamada. Nisan bai ragu ko da taki ɗaya ba, abin hawa ne ya sāke.

Daga wannan ƙasa ta Masar ne Allah ya fito da Isra'ilawa. Littafi Mai Tsarki ya nuna mana cewa daga Horeb zuwa Kadesh-barneya, bakin ƙasar alkawari, tafiyar kwana 11 ce. Amma shekara 40 suka yi a jeji. Me ya tsai da su? Sun isa bakin ƙofa, suka ji rahoton 'yan leƙen asiri, suka tsorata, suka ƙi gaskata Ubangiji. Taurin zuciya ya tsawaita musu hanya.

To, mu fa? Akwai ɗan'uwa a cikinmu wanda tsakanin gidansa da na wansa bai kai tafiyar minti 5 ba, amma damina uku ke nan bai taka ƙofar ba, saboda rigimar iyakar gona. Yakan je kasuwa a Dutsin-Ma, ya je gaisuwa Kurfi, ya dawo. Ran Lahadi su biyun suna raira waƙa ɗaya a majami'a, suna kawar wa juna kai. Kafin a tashi daga gona yau, wani ya bar Kano ya sauka Alkahira, shi kuwa yana nan yana kewaya jejinsa.

Yesu ya koya mana mu ajiye baikonmu tukuna, mu je mu shirya da ɗan'uwanmu, sa'an nan mu dawo mu miƙa. Wannan tafiya ba ta bukatar fasfo ko kuɗin jirgi. Mu tashi mu yi ta kafin rana ta fāɗi, gama da yawa cikin waɗanda suka bar Masar a jeji aka binne su.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka tausasa zukatanmu, ka ba mu ƙarfin zuwa ƙofar da muka daɗe muna gudu. Cikin sunan Yesu, Amin.