Fawad Alam: Shekara Goma a Bakin Ƙofa



Jawabina na yau a kan wani ɗan wasan kurket ne na ƙasar Fakistan, mai suna Fawad Alam. Na san da yawa daga cikinmu ba su saba da wannan wasa ba, saboda haka zan fara da ɗan bayani, don kowa ya san inda maganar ta dosa.

A wasan kurket ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum goma sha ɗaya. Mai jifa yana jefo ƙwallo da nufin ya kayar da wasu turaku uku da aka kafa a ƙasa, mai bugu kuwa yana tsaye a gabansu da faffadar sanda, yana kāre su, yana kuma doke ƙwallo don ya tara maki, waɗanda ake kira gudu. In aka fitar da mutum goma, sai ɗaya ƙungiyar ta karɓi sanda. Babban wasa tsakanin ƙasa da ƙasa shi ake kira Tes, yana kai kwana biyar, kowace ƙungiya kuma tana riƙe sanda sau biyu. Wanda ya tara gudu ɗari a shiga ɗaya, lalle ya yi abin a yaba masa.

An haifi Fawad Alam a birnin Karachi ran 8 ga Oktoba, 1985. Mahaifinsa, Tariq Alam, shi ma ɗan kurket ne. Bahago ne wajen bugu. Ya buga Tes ɗinsa na farko a Kolombo, ƙasar Siri Lanka, cikin watan Yuli na 2009. Aka sa shi ya buɗe bugu, alhali kuwa ba matsayin da ya saba ba ne. A shigar farko ya sami 16, ƙungiyar duka ta tsaya a 90. A shiga ta biyu ya tara 168, ya zama ɗan Fakistan na farko da ya kai ɗari a Tes ɗinsa na farko a wajen ƙasarsa. Ko da yake an ci Fakistan a wannan wasa, kowa ya ɗauka an sami wanda zai daɗe.

Amma Tes biyu kurum ya ƙara. Bayan wasan Dunedin a Niyu Zilan, cikin Nuwamba na 2009, inda ya sami 29 da 5, sai aka ajiye shi. A lokacin yana da gudu 250 a shiga shida. Daga nan Fakistan ta buga Tes 88 ba tare da shi ba, watau fiye da shekara goma.

Kada ku zaci zaman kashe wando ya yi a wannan tsakani. Kowace shekara yana buga gasar cikin gida, wadda ake kira Kofin Quaid-e-Azam. Kafin 2020 ya tara gudu sama da 12,000 a manyan wasannin wannan aji, kuma in aka raba jimlar da yawan fitar da shi da aka yi, kowace shiga tana ba shi fiye da 55. Masana wasan sun san ba kowa ke kai wannan ba. A wasannin yini ɗaya ma an kira shi a 2014, ya tara 114 ba a fitar da shi ba a wasan ƙarshe na Kofin Asiya da Siri Lanka. Duk da haka ba a tafi da shi Kofin Duniya na 2015 ba.

To, mene ne dalili? Gaskiya ita ce masu zaɓe suna da hujja biyu, kuma ya kamata mu auna su da adalci. Ta farko, gurbin da ya dace da shi a cike yake. Younis Khan da Misbah-ul-Haq da Azhar Ali da Asad Shafiq su ne ke riƙe da tsakiyar jerin masu bugu, kuma da su Fakistan ta hau matsayi na ɗaya a duniya a 2016. Ba mai hankalin da zai rushe irin wannan jeri. Amma Younis da Misbah sun yi murabus a watan Mayu na 2017, gurbi biyu suka buɗe, aka kuwa sake tsallake Fawad har shekara uku.

Hujja ta biyu ita ce tsayuwarsa. Yawancin masu bugu suna tsayawa a karkace, kafaɗa tana duban mai jifa. Shi kuwa ƙirjinsa yake ba mai jifa, ƙafafu a wage, sai ƙwallo ta kusa barin hannu sa'an nan ya juyo. Masu suka suka ce wannan ba za ta yi aiki a gaban masu jifa da ƙarfi na manyan ƙasashe ba. Wannan zato ne mai ma'ana, amma zato ne. Hanyar tabbatar da shi guda ɗaya ce, a sa mutumin a fili a gani. Shivnarine Chanderpaul na Yammacin Indis yana da tsayuwa mai kama da wannan, ya kuwa tara gudu sama da 11,000 a Tes.

Ran 13 ga Agusta, 2020, a Southampton ta Ingila, Fawad ya komo yana da shekara 34. A jifa na huɗu Chris Woakes ya fitar da shi, ba ko gudu ɗaya. Ku ƙaddara yadda zuciyar mutum za ta kasance bayan jiran shekara goma. Sai dai wannan karon ba a yi gaggawar korarsa ba, kuma ga abin da haƙurin masu zaɓe ya haifar. A Disamba na 2020 ya tara 102 a Niyu Zilan. A Janairu na 2021, a garinsu Karachi, Afirka ta Kudu ta fitar da mutum huɗu Fakistan tana da 27 kacal, ya tsaya ya tara 109, suka ci wasan. Ya tara 140 a Harare ta Zimbabuwe. A Agusta, a Kingston ta Jamaika, ya shigo an fitar da mutum uku ana da gudu 2; zafin rana ya sa jijiyoyinsa suka ɗaure har ya bar fili, ya komo ya kai 124 ba a fitar da shi ba, suka sake cin wasa. Hukumar kurket ta duniya ta sa shi cikin zaɓaɓɓun 'yan Tes goma sha ɗaya na shekarar 2021.

Labarin bai ƙare da daɗi ba. A Maris na 2022 masu jifan Ostareliya, musamman Mitchell Starc da Pat Cummins, suka gano lagonsa, ya sami gudu 33 kawai a shiga huɗu. Bayan Tes ɗaya a Siri Lanka cikin Yuli na wannan shekara aka sake ajiye shi, yana da shekara 36. Jimlar abin da ya buga Tes 19 ne, gudu 1,011, ya kai ɗari sau biyar.

Wani zai ce ashe masu suka sun yi gaskiya. Ni ban yarda ba. Lagon da aka gano a jikin mai shekara 36 ba ya nuna abin da mai shekara 27 zai iya, lokacin da ido ke da kaifi, ƙafa ke da sauri. Waɗannan shekaru su ne ƙarfin ɗan wasa, kuma su ne aka bari suka wuce. Ba shi kaɗai ya yi hasara ba, ƙasarsa ma ta yi.

'Yan'uwa, Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Wannan magana ta mai jira ce, kuma Fawad ya cika ta, domin da ya yi fushi ya ajiye sanda a 2015, da ba wanda zai tuna da shi a 2020. Amma ba ta zama mafaka ga mai yanke hukunci ba. Da yawa daga cikinku sun fara aikin gwamnati, wasu kuma suna gab da farawa. Ba da daɗewa ba za ku zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata ko na ƙarin girma, fayil ɗin wani yana gabanku. Aikinsa a rubuce yake shekara da shekaru, amma yadda yake magana ko yadda yake tsayawa bai yi muku ba. A ranar ku duba abin da ya yi tukuna. In kuna shakkar zai iya, ku gwada shi, kuma ku ba shi lokacin da gwaji zai zama gwaji na gaskiya. In kuwa kun ƙi shi, ku gaya masa dalili a fili, don ya san abin da zai gyara tun yana da sauran ƙarfi.